Kazar da Ba Ta Cikin Kaset

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, lokacin da mutum kan yini a layi saboda sabulu ɗaya da gwangwanin madara, abu ɗaya ne ya rage wa mutanen karkarar Watari wanda ba a auna musu a mudu, wato wasan rediyon ranar Laraba mai suna Gandun Nababa. Da la'asar ta yi, duk gidan da ke da sauran batir shi ne gidan mai gari. Nababa manomi ne a cikin wasan, mai saurin faɗa da saurin huce wa, matarsa kuwa Hure, wadda ba ta cika cewa komai ba sai "To, Malam." Mutane sun ɗauke su kamar 'yan uwa, har akwai tsohuwar da ta taɓa aika wa Hure daddawa ta hannun direban motar kasuwa.

A ƙauyen Tudun Marke babu wanda ya kai Furera bin wasan nan. Furera matar Ɗanliti ce, mai noman rani a bakin dam, kuma ita ce ke koya wa matan aure karatun boko a ajin yaƙi da jahilci, a inuwar ɗakinta, kullum da hantsi. Ɗalibanta goma sha bakwai ne, in ka haɗa da kazarta sha takwas. Kazar wake-wake ce, ana ce mata Gurguwa. Tun tana 'yar tsakuwa shaho ya sure ta, ya kasa riƙewa, ya yar da ita cikin kwandon audugar Inna Kaltume, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a ajin. Ta rayu, amma ƙafar hagu ta karkace, tana tafiya a kaikaice kamar mai jin kunyar suruki. Da an shimfiɗa tabarma sai ta zo ta kwanta ƙarƙashin allo, har ta taɓa yin ƙwai a kwalin alli. Da wahala ta tsananta aka sayar da kajin gidan kaf, ita kaɗai Furera ta hana a taɓa.

Mahaifin Furera, marigayi Malam Uwaisu, marubucin Alƙur'ani ne da hannu. Ita ta taso tana jiƙa masa tawada, kuma ta sha ganin yadda yake rufe aikinsa. In ya kai ƙarshe sai ya sa a ƙasan shafi, an gama da hannun Uwaisu, wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Tun tana ƙarama take son ta ga ranar da ita ma za ta rufe wani aiki haka, sunanta jingine da na babanta. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai mijinta, amma bayan rajistar aji cike yake da "Furera Uwaisu" da ta yi ta gwadawa da fensir.

To, bayan an gama abin da za a kira girbi, sai ga wata 'yar mota fijo a ƙofar gidan Ɗanliti. Yayanta Basiru ne, ɗan baffanta, wanda ke zaune a unguwar Bacirawa yana aikin jera haruffa a wata maɗaba'a a birnin Kano. Tare da shi akwai wani ƙaton mutum mai tumbi da agogon zinariya. 'Yan gari sun ɗauka maigidan Basiru ne ya rako shi zumunci, ba wanda ya sake kallonsa. Sai da aka zauna a zaure, Furera na daga bakin ƙofa lulluɓe da mayafi, mutumin ya gyara murya ya ce, "Ke Hure! Ina kika kai mini fartanya?"

Ɗanliti ya kusa faɗowa daga kan buzu. Nababa ne! Nababan da kowa ke gani a ransa siriri, baƙi, mai faso a ƙafa, ashe wannan ne, Alhaji Kamilu, mai wasan kuma mai rubuta shi, wanda in ka ba shi damin dawa ma bai san ta inda ake kwance shi ba.

Alhaji ya ce yana so a mai da wasan littafi. Basiru ya nuna masa wasiƙun da Furera ke rubuto masa, ya ga tana da hannu, kuma ta san ƙauye. Ya ajiye rikoda, da kaset goma sha uku, da batir huɗu. Sannan ya kafa sharuɗɗansa yana lanƙwasa yatsu.

"Malama, takarda ta zama zinariya, shafi sittin da huɗu za mu buga, ko layi ɗaya kada ya ɗaru. Na biyu, abin da aka faɗa a kaset shi za ki rubuta, kada ki canza wa kowa magana, kada ki ƙara masa. Na uku, ba ki da ikon aurar da kowa, ba ki da ikon kashe kowa, mutanena ne ba naki ba. Kuma hotona za a sa a bango, saboda haka kada ki ce Nababa siriri ne."

"Sunan wa za a sa, Alhaji?" Ita kanta ba ta san lokacin da tambayar ta fita ba.

"Nawa a sama. Naki a ƙasa, ƙanana."

Wallahi ko da sun kai ƙwayar gero ƙanƙanta, sun ishe ta. Ta ce ta yarda. Bayan sun tafi Ɗanliti ya ce ta ja bakinta har littafi ya fito, kada a yi ta surutu a gari abu bai tabbata ba.

Wanda bai taɓa yi ba zai ce aikin banza ne, ai kwafe ne kawai. Ina! Da farko ga batir. Huɗun nan ba su kai kaset na uku ba suka fara jan murya, Nababa ya koma magana kamar mai ciwon haƙori. Sai ta riƙa shanya su a rana kan danga, tana ɗan daddanna su da dutse. Mai da kaset baya kuwa ba ta yarda rikoda ta yi ba, da biro take juya shi har wuyan hannunta ya yi tsami. Kullum bayan sallar asuba za ta saurari magana biyu, ta kashe, ta rubuta, ta sake kunnawa. Matan aji sun ɗauka son wasan ne ya yi mata yawa, har Inna Kaltume na tsokanarta wai ko Nababa za ta aura in Ɗanliti ya gaji.

Sannan ga shirmen mutanen birni. A kaset na biyu 'ya'yan Nababa uku ne, a na tara sun zama huɗu, ba haihuwa ba suna. A kaset na huɗu ya sayar da jakinsa a kasuwa yana hawaye, a na bakwai ga jaki yana kuka a tsakar gida. A rediyo wa zai kama su? Mako ya riga ya shafe mako. Amma a takarda mutum zai juya baya ya duba. Furera ta yini biyu tana huci, sannan ta gano dabara. Ba a hana ta faɗin abin da kaset ya yi shiru a kansa ba. Sai ta mai da na huɗun ɗan riƙo da ya dawo daga wajen gwaggonsa, jakin kuma ta ce na maƙwabci ne aka aro don kai taki. Ba ta taɓa maganar kowa ba, ga shi kuma komai ya zauna daram. Da ta karanta wa Ɗanliti ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce, "Malama, ke da alƙali kika zama da an huta."

Haka ta yi ta tafiya har kaset na goma sha ɗaya, wanda ranar da aka sa shi a rediyo batirin kowa ya mutu a Tudun Marke, ba wanda ya ji. A cikinsa yunwa ta shiga gidan Nababa, rumbu ya ƙare. Sai ta ji muryar Alhaji Kamilu tana cewa, "Hure, ɗauko irin shukar nan mai jan magani, ki wanke shi sau uku, ki daka wa yara."

Hure ta ce, "To, Malam."

Sai ƙarar ruwa a ƙwarya. Sai ƙarar taɓarya. Sai ɗan kiɗa. Sai Nababa ya yi gyatsa ya ce, "Alhamdu lillahi, Hure, yau kam mun ƙoshi."

Furera ta kashe rikodar. Irin nan ta san shi. Shi ne wanda malaman gona ke rabawa gab da shuka, an cuɗe shi da jar hoda don kada ƙwari da tsuntsaye su tone shi, kuma kullum sai sun ja kunne cewa ba na ci ba ne. A shekara irin wannan kuwa, da bazara ta kama, gidaje da yawa za su wayi gari babu ƙwayar hatsi sai shi. Rediyo ya faɗa sau ɗaya iska ta kwashe. Littafi fa? Littafi zai zauna a ɗaki, a karanta wa mata yau, a karanta gobe, kuma abin da Hure ta yi, mata sun ɗauke shi daidai ne.

Amma sai shakka ta kama ta. In fa Alhaji ya tambayi masana kafin ya rubuta? Ita wa ce ce? Akwai ragowar irin a gwangwani a rataye a zaure. Ta ɗebo tafi ɗaya, ta wanke sau uku kamar yadda aka ce, har da cuɗawa. Ruwan farko ja wur, na biyu fatsi-fatsi, na uku garau. Dawar ta fito fes, in ka gan ta sai ka rantse daga rumbu take. Ta zubar da ruwan a masai, ta baza dawar a faifai kan turmi don ta ga ko jan zai dawo in ta bushe. Daidai nan matan aji suka fara sallama, ta tafi ɗauko allo.

Ranar Gurguwa ba ta zo aji ba. Da aka tashi Furera ta tarar da faifan a ƙasa, babu ko ƙwaya. Kafin azahar kazar ta fara layi, tana buɗe baki. Furera ta ɗura mata ruwa, ta ɗura mata manja, ta rungume ta a cinya tana kiran sunan Allah. La'asar na yi ta miƙe ƙafafu, har da karkatacciyar.

Ta yi kuka sosai, ba ta ɓoye ba, kuma kukan biyu ne, na kazar da na tsoro. Ɗanliti ya dawo daga fadama ya tarar da ita rungume da gawar kazar. Wata uku rabon gidan da nama, ga kaza kwance, amma ya ɗauki galma ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida ya binne ta, ya ɗora dutse don kada kare ya tone. Washegari Furera ta gaya wa matan aji abin da ya kashe Gurguwa, ta ce kowa ta gaya wa 'yar uwarta. Amma mata goma sha bakwai ina za su kai, alhali littafi dubu uku za a buga?

Ta aika wa Basiru takarda ya kai wa Alhaji. Amsa ta dawo layi biyu, wai an riga an watsa, ta rubuta abin da ke kaset, lokaci na tafiya.

Kwana uku ba ta taɓa biro ba. Rana ta huɗu ta sa batiran da suka sha rana, ta sake sauraren wurin, ta juya da biro, ta sake. A karo na biyar ta miƙe tsaye. An ji ruwa, an ji daka, an ji gyatsa. Amma wa ya ga abin da aka zuba a turmin? Rediyo ba shi da ido!

Ta zauna ta rubuta shafi huɗu ba ta ɗaga kai ba. A cikinsu Hure ta ce "To, Malam," ta wanke irin sau uku, ta baza a faifai. Kazar Hure ta ci, ta mutu kafin la'asar. Furera ba ta tsaya ƙirƙiro wata kaza ba, tata ta sa, da wake-wakenta da shahonta da ƙafarta ta hagu. Hure ta binne kazar da sauran irin ba tare da ta ce uffan ba. Sannan ta jawo 'yar tukunyar da ke ƙarƙashin gado, wadda kowace macen karkara ta sani kuma mazan birni ba su taɓa jin labarinta ba, inda kullum in maigida ya auno hatsin yini ake rage tafi ɗaya a jefa saboda rana irin wannan. Shi ta daka. Shi Nababa ya ci ya yi gyatsa ya ce sun ƙoshi, bai san matarsa ta tsare masa 'ya'ya ba. Don shafukan su samu wuri, sai da Furera ta yanke kwatancen kasuwar da ta fi alfahari da shi a duk littafin.

Mako biyu da aika rubutun, fijo ta sake tsayawa a ƙofar gida. Alhaji Kamilu bai ko taɓa ruwan da aka kawo masa ba. Ya zaro shafukan huɗu ya kaɗa su.

"Malama, ban ce kada ki kashe kowa ba?"

"Kaza ce, Alhaji."

"Kaza ce! To a wane kaset kika ji kaza?"

"A wanda na ji jakin da aka sayar yana kuka, ranka ya daɗe."

Basiru ya sunkuyar da kai yana tari, Ɗanliti ya kama kallon azara. Furera ta ce ya duba da kyau, ko wasali ɗaya ba ta canza a bakin kowa ba. Sannan ta gaya masa yadda Gurguwa ta mutu, ta ce in yana so a ɗaga dutsen ya gani.

A gaskiya Alhaji Kamilu ba mugun mutum ba ne. Ya cire hula ya share zufa, ya ce wallahi shi a wajen wani direba ya ji cewa wanki na fid da maganin. Sai dai mutum ne da ya shekara goma ana tafa masa, girman kai ya riga ya yi masa kitse. Ya mai da hularsa, sannan ya ce, "Na ji. Amma ki duba lamarina. In shafukan nan suka fita da sunanki a bango, duk Kano za a ce wata malama a ƙauye ta gyara wa Kamilu wasansa, abokan hamayya su samu abin yi da ni. In sunana ne kaɗai, sai a ce Kamilu ya ƙarasa labarinsa. Saboda haka zaɓi ɗaya. Ko a cire shafi huɗun nan a sa sunanki, ko a bar su a cire sunanki."

Basiru ya ce, "Haba Alhaji, wata huɗu fa tana..."

"Yaya Basiru, bari," in ji Furera.

Ta dubi mijinta. Ɗanliti ya ce, "Aikinki ne, Malama. Abin da kika zaɓa ina bayanki." Ta tuna bayan rajistar nan, ta tuna hannun babanta yana rufe shafi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma ba ta daɗe ba.

"A bar kazar, Alhaji."

Littafin ya fito farkon bazara. Basiru ya aiko mata da guda ɗaya. Ga Alhaji Kamilu a bango da tumbinsa, ya saɓa fartanya kamar mai riƙe da lema, ga sunansa da manyan baƙaƙe. Ta duba gaba, ta duba baya, ta duba ciki ko Basiru ya saci wuri ya saƙala ta. Babu. Ta buɗe shafi na hamsin da ɗaya, ta ga kazarta na nan, ta rufe. Ta kai shi can ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwa, ba ta nuna wa kowa ba. In ana hirar Gandun Nababa a aji sai ta ce a koma kan karatu.

Bazarar ta yi tsanani yadda aka zata, har ta fi. Amma Allah ya kawo ruwa, shuka ta kama, aka shiga marka ana ɗan cin ganyen tafasa da rama ana jiran gero. A lokacin ne aka yi suna a gidan Inna Kaltume, jikarta ta haihu. Mata suka cika tsakar gida, 'yan uwa sun zo har daga wajen Shanono. Cikinsu akwai wata doguwar mace ramammiya mai suna Kulu, da 'ya'yanta uku manne da ita. Ana cikin hirar wahalar da aka sha, sai Kulu ta ce ita kam ba don Allah ba, ba don Hure ba, da yanzu ba ta da ɗa ko ɗaya.

Aka ce wace Hure? Ta ce ta Nababa mana.

Ta ce mijinta ya tafi cin rani bai dawo da wuri ba, ya bar mata irin shuka a buhu. Kwana biyu yaran ba su sa komai a ciki ba sai ruwan kuka. Wata maƙwabciya ta ce ai an faɗa a rediyo, in aka wanke sau uku shi ke nan. Ta wanke, ta baza, ta jawo turmi. Ƙanwar mijinta da ke makarantar 'yan mata ta shigo ta gani, ta ƙwalla ihu, ta ruga ta ɗauko littafin da ta aro, ta karanta mata wurin kazar. Kulu ta ce nan take ta kwashe dawar ta binne, ta ɗauki tasoshin aurenta ta kai kasuwa. Daga baya ta sayi littafin nata na kanta, ko da yake ba ta iya karatu ba.

Ta kwance gefen zaninta ta fito da shi, ya yi laushi, bangon ya kusa rabuwa. "Allah ya saka wa Alhajin nan da alheri," in ji ta, mata suka amsa da amin. Furera na gefe tana dama kunu, ta ji amin ɗin kamar an ɗora mata dutse a ƙirji, amma ita ma ta ce amin.

Kulu ta ce, "An ce akwai malama a garin nan. Don Allah a karanta wa mata wurin su ji da kunnensu."

Ba yadda Furera za ta yi. Ta goge hannu, ta karɓa, ta buɗe shafi na hamsin da ɗaya ba tare da ta nema ba. Ta fara karantawa a hankali, tsakar gida ta yi tsit. Ta karanta wanki na ɗaya, na biyu, na uku. Ta kai inda aka ce, "Hure tana da wata kaza wake-wake, wadda tun tana 'yar tsakuwa shaho ya sure ta ya yar cikin kwandon auduga, ƙafarta ta hagu ta karkace..."

"Ke, tsaya!" Inna Kaltume ce ta daka tsawa daga bakin ɗakin mai jego. "Kwandon audugar wa?"

Furera ta dakata da karatun.

"Na ce kwandon wa? Ai kwandona ne! Wannan Gurguwa ce!" Tsohuwar ta taso tana dogara bango. "Yaushe wani Alhajin birni ya san Gurguwa? Shi ya ɗaure mata ƙafa da zare ko ni? Furera, dube ni nan. Kaset ɗin nan da kika yi rani kina juyawa da biro, muna miki dariya, ashe wannan kike yi?"

Matan aji suka ɗauki salati, wata ta rangaɗa guɗa, wata na cewa wallahi tun daga wankin nan ta ji bakin Malama ne. Furera ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

Kulu ta karɓi littafin ta juya bangon, ta dubi mai tumbin, ta dubi Furera. Ta ce, "To ina sunanki a nan?"

"Babu, Yaya Kulu. An ce in zaɓa, ko sunan ko kazar."

Kulu ta jawo 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta tsayar da su a gaban Furera, babbar da na tsakiya da ƙaramin mai kumburarren ciki, ta kama hannun Furera ta ɗora a kan kowannensu. Sannan ta buɗe shafin ƙarshe, inda maɗaba'a ta bar rabin takarda fari, ta miƙa mata.

"Wannan nawa ne, da kuɗina na saya, ba mai hana ni. Rubuta."

Aka nemo fensir a jakar wata 'yar aji. Furera ta durƙusa, ta ɗora littafin a gwiwa. Baƙaƙen suka fito tsaf yadda ta saba gwada su. Inna Kaltume ta ce a karanta da ƙarfi kowa ya ji, kuma ba Malama za ta karanta ba, ita za ta karanta, ai ba a banza ta shekara biyu a kan tabarma ba. Ta kai littafin dab da hanci, ta bi da yatsa, tana haɗa baƙi da wasali ɗaya bayan ɗaya.

"An gama da hannun Furera, 'yar Malam Uwaisu. Wanda ya karanta ya yi wa mahaifinta addu'a."

Mata suka ɗaga hannu gaba ɗaya, har mai jego daga cikin ɗaki. Kunun kuwa ya kama a tukunya, ba wadda ta tuna da shi.